Dabaibayin 'Yan Wata Ɗaya

A ƙauyenmu Lipnik, in ka baro coci ka bi hanyar da ta gangara rafi, za ka wuce wani dutse a tsaye a gefen hanya, an sassaƙa soja a jikinsa: hula a karkace, bindiga a kafaɗa, ƙafafu a haɗe. Babu kowa a ƙarƙashinsa. Irin dutsen nan ne da ake kafa wa wanda ya mutu a nesa, don masu wucewa su riƙa gaishe shi. Tsofaffin da suka san mai hoton sun ce fuskar ta yi kama, gashin baki ne kawai aka ƙara masa, amma a wajen ƙafafu masassaƙin ya yi ƙarya. Ba wanda ya taɓa ganin ƙafafun Miloye a haɗe.

Miloye ɗan wata mata ne mai suna Stamena, na biyu kuma auta. Tun yana jinjiri yake shure-shure. Da ya fara tafiya uwarsa ta daina zuba masa abinci a kwano, sai dai ta gutsuro gurasar masara da cuku ta miƙa masa yana wucewa. Ubansa kafin ya rasu ya sassaƙa wa kowa a gidan kujera mai ƙafa uku ta zaman bakin murhu. Ta uwar ta yi santsi, ta wansa Obren ta yi santsi, ta Miloye kuwa har ya zama saurayi sawun gizago na nan a kanta. In an matsa masa ya zauna, ƙafarsa ta dama ba ta daina kaɗawa, har cokula su riƙa ƙara a kan tebur. Ba rashin ji ba ne. Aike shi niƙa, ko kiran ungozoma a ƙauyen da ke bayan tudu, kafin ka gama bayani ya ɓace. Jira ne kawai bai iya ba.

Obren ya girme shi da shekara bakwai, kuma kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Mutum ne mai nauyin jiki da nauyin baki, in ya zauna sai ya gama abin da ya zaunar da shi. Abu ɗaya ne ya haɗa su, shi ne kuma ya hana uwarsu sakat: a wata ɗaya aka haife su, watan da ake kakkaɓe shiliwa, 'ya'yan itacen nan masu kama da ɗinya, daga itatuwa ana shanya ta ana dafa barasa.

A wajenmu, 'ya'yan uwa ɗaya da suka faɗo a wata ɗaya, ko da shekaru na tsakaninsu, ana cewa igiya guda ce ta ɗaure ransu. Abin da ya sami ɗaya zai nemi ɗayan. In ɗaya ya mutu ɗayan ba ya daɗewa, sai fa in an kwance shi. Kwancewar kuwa a kan gawa ake yin ta. Za a haɗa ƙafar mai rai da ta mamacin da dabaibayin doki, sannan mai ran ya roƙi wani bare, wanda ba jini ba ne kuma baftisma ba ta haɗa gidajensu ba, ya zama ɗan'uwansa don Allah. In baren ya karɓa ya kwance igiyar, ya maye gurbin mamacin ke nan har abada, a ci da shi, a yi kuka da shi. Limamin coci ba ya son maganar, amma ba a taɓa jin ya hana ba.

Shi ya sa Stamena ba ta barin su su hau itace ɗaya, ko su ƙetare rafi tare in ya kawo ruwa. Ran auren Obren da Persa ma, da yake ba a so ɗan wata ɗaya ya ga auren ɗan'uwansa, tun da safe ta kora Miloye kan tudu da tumaki. Ya bar wa kare tumakin ya zagayo ta bayan gida, ya haye itacen shiliwa da ke jikin shinge ya ɓuya a ganye. A gindin itacen nan aka ajiye wa makaɗa benci, a wajen shinge, da kwanonsu daban da kofinsu daban, kamar yadda aka saba yi wa Tsigani, mutanen maƙera da ke bakin gari, waɗanda ba a biki sai da su amma ba a zama tebur da su. Wani saurayi a cikinsu mai busa ƙaho, sunansa Murat, ya ɗaga kai zai sha ruwa sai ya ga ƙafa tana lilo a cikin ganye.

"Kai tsuntsu mai takalmi," ya ce ƙasa-ƙasa, "in kashi za ka yi matsa can, nama nake ci."

"Rufa min asiri. Ni ne ƙanen ango."

"Ƙanen ango a kan itace, mai busa a ƙasa da cinyar rago. Yau duniya ta gyaru." Ya yagi naman biyu ya cilla masa rabi sama.

Daga nan suka saba. Obren bai taɓa son sabon ba, ya kan ce wanda ke yawo da makaɗa ba ya tara itacen hunturu.

Miloye da fari dariya yake yi wa maganar wata ɗaya, yana cewa zancen tsofaffin mata ne. Abin da ya ɗauke dariyar ya faru ne lokacin yaƙin da aka yi da Turkawa, sannan da Bulgariyawa. Obren ya tafi, shi kuma shekarunsa ba su kai ba. Cikin bazara zazzaɓi da gudawa suka kayar da shi, ya kwanta karo na farko a rayuwarsa, har aka fara raɗa a kansa. Da Obren ya dawo a rame, sai aka ji ashe a daidai waɗannan makonni shi ma yana kwance da amai da gudawa a can kudu, an kusa jefa shi rami.

"Rabin mutanen ƙasar nan sun yi gudawa a bazarar nan," in ji Obren. Gaskiyarsa ce kuwa. Amma Miloye ya dubi 'ya'yan wansa biyu suna rarrafe a bakin murhu, bai sake yi wa maganar dariya ba.

A 1914, ana tsakiyar yankan alkama, ƙararrawar coci ta buga ba ranar ibada ba. Ostiriya ta kawo yaƙi, wannan karon kuma an kira su duka biyu. Har goɗiyar gidan aka ɗauka. Da safen tafiya Stamena ta ciro dabaibayin goɗiyar daga maratayi, igiyar rama ce mai kauri da ɗan guntun itace a bakinta, ta cusa a jakar Miloye ƙarƙashin gurasa da safa.

"Kai za ka riƙe."

"Me ya sa ni, Inna? Ai Yaya ne babba."

"Yayanka in ya zauna sai igwa ta ɗaga shi. Kai ne mai ƙafa. In shi ya faɗi, ka nemo shi a kwance ka. In kai ka faɗi, ka nemo shi."

"Gawata ce za ta tashi ta nemo shi?"

"Kafin ka zama gawa. Ko da rarrafe, Miloye. Yana da 'ya'ya."

Ba ta ce kai ba ka da su ba, amma ya ji. Obren daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, ki raba yaron nan da igiyar goɗiya, dariya za a yi mana." Ba wanda ya kula shi.

Aikin soja ya zo wa Miloye ta inda ya fi masa ciwo. Ya ɗauka yaƙi gudu ne da tsalle, ashe yawancinsa tsayuwa ce da zama. Akwai wani saje, Tanasiye, mutumin birni mai jan wuya, wanda ya rantse sai ya tsayar da ƙafar nan. A layi sai ya zo ya tsaya a gabansa yana kallon ƙasa.

"Ƙafar wa ce wannan take rawa?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Ka gaya mata ta tsaya."

"Na sha gaya mata, ranka ya daɗe, ba ta jin magana."

Mari ya sha, gadi ya sha, ba abin da ya sauya. Da aka kai su tsaunukan da ke kallon kogin Drina aka ce su haƙa rami su zauna ciki, nan ne ya kusa zarewa. Igwa na faɗuwa gaba da baya, ƙasa na zubo musu a ka, umarnin kuma shi ne kada kowa ya motsa. Yakan ciji hannun rigarsa, yakan kwance igiyar takalminsa ya sake ɗaurewa, ya sake kwancewa. Wani kyaftin da ya gaji da ganinsa yana kai da kawo a cikin rami kamar kura a keji ya ce, "Ku ba wannan saƙo ya riƙa kaiwa, kafin ya haukatar da mu." Haka ya zama ɗan aiken bataliya.

Nan ya sami abin da yake so, biyu ma. Yana tafe kullum, kuma kowane aike sai ya san yadda ya karkata ta kamfanin sojan da Obren yake ciki. Ba ya tsayawa. Ya hango faffaɗan bayan nan a sunkuye da shebur, ya ishe shi. A kamfanin nan Murat yake, an karɓe ƙahon biki an ba shi begila.

"Ga mai duba garke ya zo," Murat kan ce. "Sanka na nan, bai rame ba. Je ka gaya wa Inna."

"Kai dai busa abinka. Jiya da ka busa na ɗauka jaki aka taka wa wutsiya."

Abin da abokan aikensa suka kasa ganewa shi ne tsoronsa. Saurayin da ke tsallake shinge da gudu a gida, a nan sai ya bi doguwar hanya ta kwari, ya sunkuya inda wasu ke tafiya a miƙe, ya ƙi ratsa fili ko da ya fi kusa. Suka sa masa suna Zomo. Bai taɓa musu ba. Yadda ya ɗauki abin, duk harsashin da ya same shi mutum biyu ya samu, na biyun kuma yana da mata da 'ya'ya. Jikinsa na cewa ruga, igiyar da ke cikin jaka na cewa sannu, shi kuma yana tsakani, ba ya hutawa ko a tsaye ko a tafe.

Da kaka ta yi nisa abubuwa suka lalace. Harsashin igwa ya ƙare a ɓangarenmu, aka fara ja da baya cikin ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Hanyoyi suka zama kunun laka. Takalman fata suka ruɓe a ƙafafu, kwarkwata ta cika riguna, ga mata da tsofaffi da kekunan shanu sun toshe ko'ina suna gudun abokan gaba. Mutane da yawa da suka ga ana wucewa kusa da ƙauyukansu sun sulale gida. Daga kan tsaunin Suvobor Miloye na iya nuna inda Lipnik take a bayan hazo, tafiyar da a da yakan yi ba tare da ya ci guzuri ba. Ya duba, ƙafarsa ta kaɗa, ya juya. Obren na nan, don haka shi ma yana nan.

Da hantsi abin ya same shi, a kan hanyar da ya zaɓa don ta fi aminci. Bai ji ƙarar ba ma. Ya dai ga kansa a kwance cikin laka, cinyarsa ta hagu a buɗe can sama, jini na tsartuwa. Wani ma'aikacin jinya ya danne wurin da gwiwa, ya cusa tsumma ya ɗaure tamau.

"Ka yi sa'a, Zomo. Na tsayar da jinin. In ka kwanta shiru har likita ya ɗinke, za ka yi rawa a bikinka. In ka taka ƙafar nan kuwa, ba ruwana."

Aka ɗora shi a keken shanu tare da wasu masu rauni, a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, za a kai su asibitin birni. Mai keken wani tsoho ne, Yezdimir, da buhu a kansa saboda ruwa. Keken na tafiya kamar ba ya so. Miloye ya kwanta rigingine, ruwa na dukan fuskarsa, ƙafarsa mai lafiya tana bugun katako.

"Baba, saura nawa?"

"Gobe ko jibi, in shanu sun yarda."

"Waɗanda ka kai a baya fa, sun warke?"

"Ni kai mutane nake yi, ɗana, ba na ɗauko su. An ce zazzaɓin kwarkwata ya shiga can, har a barandar waje ake kwantar da mutane. Ka daina buga min keke."

Kusa da shi akwai wani soja ɗan kudu da ke nishi tun da aka taso. Can nishin ya tsaya. Tsohon ya tsayar da shanu, shi da wani mai karyayyen hannu suka sauke shi a gefen hanya, suka rufa masa rigarsa a fuska. Aka tambayi sunansa, ba wanda ya sani. Keke ya ci gaba.

Miloye ya ɗaga kai yana kallon rigar har kwana ta ɓoye ta. Ya lalubi jakarsa ya ji igiyar. Mai jinya ya ce zai rayu, to amma in bai rayu ba fa? In a gefen hanya aka sauke shi, ko a barandar nan cikin baƙi, wa zai san yana da ɗan wata ɗaya? Wa zai je ya nemo Obren a kan tsauni? Za a jefa shi rami da igiyar a jaka, Obren na can yana haƙa bai san an fara jan sa ba. Kowane juyin ƙafar keke yana ƙara nisanta su. Ya gwada rufe ido ya kwanta shiru kamar yadda aka ce. Bai iya ba.

"Baba, tsaya in kama ruwa."

"Yi a nan. Kowa a nan yake yi."

Ba a jima ba keken ya kafe a laka. Tsohon ya zagaya gaba yana jan shanu yana zagin iyayensu. Miloye ya ja jiki ta baya ya sulale ƙasa, ya fizgi sanda daga wani shinge ya dogara. Mai karyayyen hannun ya gan shi, ya kau da kai.

Shi kaɗai ne ke tafiya ta wannan fuskar. Kowa gangarowa yake, shi yana hawa. Wata mata da tukunya a ka da akuya a hannu ta ce, "Soja, ka juya hanya, can ake mutuwa." Ya ce mata ya yi mantuwa ne. Wata tsohuwa ta cusa masa tuffa a aljihu. Da fari zafin kamar ana zura masa ƙarfe, daga baya ya lafa, sai ɗumi da ya ji yana gangarowa cikin wando yana taruwa a takalmi. Ya san ko mene ne, bai duba ba. Abin mamaki, ransa ya fi sauƙi a nan fiye da kan keke. Yana faɗuwa yana tashi, inda tudu ya yi tsauri ya sa gwiwa da hannu, ya tuna maganar uwarsa har ya yi 'yar dariya.

A bakin wani ƙaramin rafi ya ga mutum a tsugune yana cika gorunan ruwa, begila a rataye a bayansa.

"Murat."

Murat ya waiwayo, gorunan suka zube. "Kai! An ce an sa ka a keke. An ba ka shanu biyu da mai ja kamar amarya, shi ne ka sauka?"

"Ina Yaya?"

Murat ya dubi wandon, ya dubi sawun da ya bari a laka. Bai ƙara wasa ba. Ya juya baya ya durƙusa. "Hau. In ka gaya wa mutane na goya ka, zan ce ƙarya kake."

Kamfanin na cikin wata gonar shiliwa a gefen tudu, itatuwan duk sun zubar da ganye, mutane na haƙa. Murat ya kwantar da shi a gindin itace. Obren ya yar da shebur ya taho, wannan ne karo na farko da aka ga ya yi gudu.

"Wa ya ce ka sauka? Wa ya aike ka? Ku kawo bargo a ɗauke shi, a mayar da shi!"

Saje Tanasiye, wanda a lokacin aka mayar da shi kamfanin nan, ya tsuguna ya ɗaga tsumman ya duba, ya mayar a hankali. Ya dubi Obren ya girgiza kai.

Miloye ya riga ya zaro igiyar. Yana ƙoƙarin zagaya ta a idon sawunsa, yatsun ba sa kamawa. "Kawo ƙafarka, Yaya."

"Ba ka mutu ba."

"Ka san ban iya jira ba. Ɗaura tun ina gani."

"Saboda igiyar goɗiya ka kashe kanka? Saboda zancen mata?"

"To zancen mata ne. Ɗaura."

Obren ya tsaya yana huci. Sannan ya zauna daɓas a laka, ya miƙa ƙafarsa kusa da ta ƙanensa, ya karɓi igiyar ya ɗaure su da irin ƙullin da yake yi wa goɗiya. Ya ɗaga kai ya dubi mutanen da suka kewaye su. Yawancinsu 'yan gida ne. Wannan ɗan baffansu ne, wancan ubansa ne ya riƙe Obren ran baftisma, ba su halatta ba. Sauran da suka halatta kowa ya sami abin kallo a bakin sheburinsa, don ana cewa wanda ya kwance wani lokaci da bakin igiyar yake tafiya, mutuwar ta koma kansa, ga shi kuma ana shirin hawa tudu a tari abokan gaba.

"Murat," in ji Miloye.

"Mai busa?" Obren ya sunkuyo yana magana ta haƙora. "Ka san abin da kake faɗa? A teburin ubanmu zai zauna. 'Ya'yana baffa za su ce masa."

"Ni ma ban ce ina son ka ba, maigida," in ji Murat. "Fuskar nan taka madara take tsinkawa. Amma ni na goyo shi, na ji nauyin abin da ya kawo."

"Kujerata sabuwa ce, Yaya," Miloye ya ce. "Ban taɓa zama a kai ba."

Daga saman tudu wani ya ƙwala kira cewa kyaftin ya ce a tashi. Saje ya ce, "Murat, begila." Obren bai motsa ba, bakinsa ya yi nauyin da ya saba. Miloye na jin sanyi na hawowa daga gwiwa, itatuwan na nisa suna dawowa. Ƙafarsa ta dama, wadda aka ɗaure, tana ta kaɗawa, tana jan ta wansa.

"Yaya, sau ɗaya a rayuwarka, yi sauri."

Wani ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Obren ya cire hularsa. Ya dubi Murat a ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Don Allah da waliyyi Yovan, ka zama ɗan'uwana." Ya faɗa sau uku kamar yadda ake yi, na ukun da kyar aka ji.

Murat ma ya cire tasa hular. "Na karɓa."

Saura jira, don ba a kwance masu rai biyu. Aka sake kira daga sama. Murat ya ciro begilar ya leƙa cikinta, ya ce laka ta toshe ta, sai ya goge. Ya zauna a wajen ƙafafunsu yana gogewa da hannun riga, a hankali ƙwarai. Saje Tanasiye ya juya musu baya ya harɗe hannu yana nazarin gajimare.

Miloye ya ji duk wannan kamar daga bayan bango. Ya nemi inda ya kamata ya je, wanda ya kamata ya dubo, bai samu ba. Obren ga shi nan, ƙafa da ƙafa. Ya ji tuffar nan tana tokarinsa a aljihu, ya so ya ce a kai wa yaran, bai san ko ya faɗa ba.

Obren ne ya fara sanin ya cika, don ƙafar ƙanen ta daina jijjiga tasa. Murat ya ajiye begilar ya kwance ƙullin, ya kama hannun Obren ya ɗaga shi tsaye. A gindin itacen aka binne Miloye da igiyar, cikin ramin da aka haƙa don wani abu dabam. Sannan Murat ya busa.

Ko da zai rayu in ya zauna a keken, ba wanda ya sani. Mai jinyar da ya ɗaure shi ya rantse zai rayu. Likitocin yanzu in ka ba su labarin sukan ce mai yiwuwa ne, sannan su tuna irin mutanen da zazzaɓi ya kwashe a asibitocin hunturun nan. Shekararsa ashirin da ɗaya.

Ba da daɗewa ba harsashi ya iso, sojojinmu suka juya suka kori abokan gaba har suka ƙetare kogi. Da aka zo wucewa kusa da Lipnik aka bar Obren ya leƙa gida. Stamena na faskare a tsakar gida ta ga ɗa ɗaya ya shigo, a bayansa kuma mai busa ya tsaya a wajen shinge, inda ya saba tsayawa. Ta ajiye gatarin.

"An kwance ka?"

"An kwance ni, Inna."

"Da ransa ya same ka?"

"Da ƙafarsa ya zo."

"Daga nesa?"

"Yana kusa," in ji Obren.

Ta dubi Murat. Murat ya dubi ƙasa. Ba ta sake tambaya ba, har ta mutu. Ta je ta buɗe ƙofar shingen da kanta, ta kama hannun rigarsa ta ja shi har ɗaki, ta jawo kujerar nan mai sawun gizago ta ajiye a bakin murhu. Ya zauna a gefe-gefenta, begila a kan cinya, bai san inda zai sa idonsa ba. Ta zuba masa miyar wake a kwanon gida, ta ɗora cokali, ta ce wa Persa ta kawo yaran su gaida baffansu. Sai da ta ga ya kai cokali baki sannan ta fita bayan gida, cikin itatuwan shiliwa, ta saki kukan da duk ƙauyen ya ji.

Obren ya ga sauran yaƙin har ƙarshe, ya dawo, ya tsufa, shi ya kafa dutsen nan na bakin hanya. Bai taɓa yarda a gaban mutane cewa igiya ce ta tsare shi ba, bai kuma taɓa yanka gurasar bikin shekara-shekara na waliyyin gida ba sai Murat ya iso, ko da baƙi sun gaji da jira. Suna faɗa kusan kowace shekara, a kan siyasa, a kan wanda ya fi wani munin fuska. Kujerar tana nan a gidan jikokin Obren. Ta yi santsi.